NOMA DA KIWO: Wane irin masara ya dace da ƙasar Dantchiao?

A ƙasar Dantchiao, cikin gundumar Magarya ta jahar Damagaram, dab da iyakar Najeriya, ba a lissafa masara cikin manyan abubuwan da ake nomawa. Hatsi ne ke riƙe da jigawa, dawa na biye da shi, sa'an nan wake da gyaɗa da riɗi. Ita masara ɗan wuri aka ba ta: bayan gida inda mata ke zubar da toka da shara, ko tsohon makwancin bisashe, ko kuwa bakin fadama. Amma duk wanda ya taɓa yin malka a wannan yanki ya san ba abar rainawa ba ce. Daga tsakiyar watan Agusta zuwa farkon Satumba rumbuna sun yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau kuɗi a kasuwa, sabon hatsi kuma bai kai ga tumu ba. A daidai wannan lokaci ne masarar bayan gida ke nuna. A karya, a gasa ko a dafa, yara su kwana da abu a ciki, magidanci kuma ya samu ƙarfin ƙarasa aikin gona ba tare da ya ci bashin da zai biya da kaka ba.

To, wannan taimako ba ya samuwa sai masarar ta nuna a kan kari. In ta makara da sati uku, ta iske hatsi ya riga ya shigo, ruwan sama kuma ya fara ɗaukewa. Abin da ke sa wata ta nuna da wuri wata ta makara kuwa, tun daga ƙwayar da aka jefa cikin rami yake. Manomin Dantchiao ko na Dungas yana samun iri ta hanya uku: wanda ya ajiye daga gonarsa ta bara, wanda ya auno da tiya a kasuwa, da wanda ke zuwa cikin ƴan ledoji masu hoton ƙatuwar masara, yawanci daga ƙetaren iyaka. A tafin hannu duka masara ce. A gona ne kowace ke nuna halinta, lokacin da gyara ya riga ya wuce.

Baƙuwa mai sunan Masar

Masara ba ƴar asalin Afirka ba ce kamar hatsi da dawa. A kudancin ƙasar Meziko aka fara nomanta, kimanin shekara 9000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai ƴan ƙwayoyi ƙalilan. Bayan shekara ta 1492 jiragen ruwa suka kai ta Turai, kuma cikin ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka sauke ta a gaɓar tekun Afirka ta yamma. Sai dai masana da dama na ganin cewa wadda ta iso ƙasar Hausa da Barno ta arewa ta biyo, ta Bahar Rum da Masar da hanyoyin ayari, kuma sunan da Hausawa suka ba ta, dawar Masar, shaida ne. Wannan tsohuwar masara mai taurin ƙwaya ce, mai sheƙi kamar tsakuwa, gajeruwa, mai saurin nuna, kuma ƙwari ba su cika yi mata ɓarna a ajiya ba. Ɗayar kuwa, wadda ƙwayarta ke loɓawa a ka kamar haƙorin doki, ta fi laushi wajen niƙa, ta fi gari, amma yawancin ire-irenta sun fi son ruwa da tsawon kwanaki.

Lissafin ruwa da kwanaki

Gundumar Magarya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jahar Damagaram, amma duk da haka bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, kuma a kan rairayi yake sauka. Damana takan kankama a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ta fara janyewa cikin Satumba. Wato kwana 90 ke hannun manomi, wata shekara da ɗan ɗori, wata shekara ƙasa da haka.

Masu binciken noma sun kasa masara bisa ga kwanakin da take yi daga shuka zuwa bushewa. Akwai mai matuƙar sauri, ta kwana 80 zuwa 85. Akwai mai sauri, ta kwana 90 zuwa 95. Akwai matsakaiciya, wadda ke kai kwana 105 zuwa 110. Akwai kuma mai nauyi, ta kwana 120 ko fiye. Lokacin da masara ta fi jin ƙishi shi ne sati biyu kafin ta fitar da fure a ka, da sati biyu bayan ta fitar da gemu. Hatsi in ya sha fari yakan nannaɗe ganye ya jira ruwa. Masara ba ta da wannan haƙuri: in fari ya same ta tana fure, gemun yakan makara, garin furen ya zube a banza, a ɓare goyo a tarar da totuwa da ƴan ƙwayoyi jefi-jefi.

A ɗauki misalin magidanci biyu da suka yi shuka rana ɗaya, ran 1 ga Yuli. Na farko ya shuka mai kwana 85: za ta yi fure wajen tsakiyar Agusta, ruwa na tsakiyar zuba, a fara cin ɗanyarta farkon Satumba, ta bushe kafin watan ya ƙare. Na biyu ya shuka mai kwana 120: ba za ta yi fure ba sai Satumba ya kama, kuma za ta nemi cika ƙwaya cikin Oktoba, alhali ƙasa ta bushe. Karanta zai yi tsawo, ganyenta ya yi kore shar, masu wucewa su yaba, amma abin da za a samu bai wuce harawar bisashe ba.

Abin da ke ƙara rikita al'amarin shi ne masarar da ke cika kasuwannin jahar ba a nan aka noma ta ba. Abin da ƙasar Nijar ke nomawa na masara kaɗan ne ƙwarai in an gwada da hatsi da dawa. Wadda ake tuwo da ita a birane, daga Najeriya da Benin da Burkina Faso ƴan kasuwa suka saba kawo ta. An ga haka a fili lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin da aka sake rufe iyakoki a 2023. Wannan masara ta buhu a ƙasashe masu ruwa da yawa aka shuka ta. Misali, a yankin Zariya da Funtuwa, inda masara ta zama babban abin noma tun ƙarshen shekarun 1970 bayan da aka yaɗa wani farin iri mai suna TZB tare da takin zamani mai rahusa, ruwan shekara yakan kai milimita 1000 ko ya wuce. Wanda ya auno tiyar irin wannan masara ya shuka a Dantchiao, ya ɗauko lissafin damanar wata ƙasa ya kawo gonarsa.

Ba a rasa irin da aka yi domin ƙasar nan ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da ire-irenta, kuma wanda manoma suka fi sani shi ne P3 Kollo, jar masara mai yin kimanin wata uku, wadda ta ɗauko sunanta daga garin Kollo na kusa da Yamai. A Najeriya ma, cibiyar IITA ta Ibadan da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya sun fitar da masu matuƙar sauri domin arewa mai ƙarancin ruwa, har da masu jure wa gaugai, ciyawar nan mai jan fure da wasu ke kira wuta-wuta. Duk ire-iren Samaru da sunan SAMMAZ ake kiran su, sai lamba ta bambanta su. Saboda haka ganin sunan a jikin leda bai isa ba, sai an tambayi kwana nawa.

Iri mai aure, da wanda ake ajiyewa

Masara namiji da mace ne a kara ɗaya. Furen da ke bisa kai shi ne namiji, shi ke zubo da gari mai rawaya. Gemun da ke bakin goyo shi ne mace, kuma kowane zare guda na gemun yana tafiya ne zuwa ƙwaya guda. Iska ce ke ɗaukar garin furen, kuma kusan kullum na wata masarar ne ke faɗa wa gemun, ba nata ba. Shi ya sa ake shuka ta a dunƙule, kunya huɗu ko biyar a jere. Dogon layi guda a gefen darni ba ya cika goyo. Shi ya sa kuma ake ganin ƙwayoyin jar masara tsilli-tsilli a jikin fara, in maƙwabci ya shuka ja.

Daga wannan hali ne wani masani Ba'amurke, George Shull, ya gano tun wajen 1908 cewa in an tsare dangi biyu na masara kowanne shi kaɗai shekara da shekaru, sa'an nan aka haɗa su aure, ƴaƴan farko sukan fi iyayen ƙarfi da yawan amfani nesa ba kusa ba. Wannan shi ne iri mai aure, wanda ake rubuta wa F1 a jikin leda, irin su Oba Super da ake sayarwa a arewacin Najeriya. Yana da kyau, ba a musu, in ya samu ruwa da taki yadda yake so. Amma ƙarfin nasa na shuka ɗaya ne. Wanda ya ajiye ƴaƴansa ya sake shukawa zai ga gona ta fito babu tsari, wata doguwa wata gajeruwa, wata ta yi fure yau wata sai bayan kwana goma, kuma ragin amfanin yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu. Mai shuka shi dole ya koma wurin mai sayarwa kowace shekara da kuɗi a hannu, a daidai lokacin da kuɗi suka fi wuya a ƙauye.

Irin su P3 Kollo ba haka suke ba. Ana iya ajiye irinsu a shuka shekara biyu ko uku kafin a sabunta, muddin ba su cuɗanya da wata masarar ba. Ga mai ɗan fili a bayan gida, wanda takinsa toka ce da kashin awaki, wannan ya fi dacewa. Mai aure kuwa na mai garka ne, wanda ke da rijiya da injin ban ruwa da halin sayen buhun taki.

Masara mai zaƙi

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Masarar da ake gasawa a tasha da bakin kasuwa, wadda mutane ke cewa tana da zaƙi, masarar gona ce da aka karya tana ɗanya. Masara mai zaƙi ta ainihi wani iri ne daban, wanda masu sayar da irin kayan garka kan kawo jefi-jefi cikin leda ko gwangwani. A masarar gona, sukarin da ganye ke aikawa cikin ƙwaya yakan juye ya zama gari nan da nan. A mai zaƙi wannan juyi ba ya tafiya daidai, sai sukarin ya tsaya a ƙwayar. Mutanen asalin nahiyar Amurka sun daɗe da saninta; a 1779 Turawan da suka zauna can suka same ta wurin ƙabilar Irokwa, a 1902 aka fitar da wani iri mai rawaya, Golden Bantam, wanda ya yi suna, kuma cikin shekarun 1950 wani malamin jami'ar Ilinoyi, John Laughnan, ya gano wani nau'i da ya ninka na da zaƙi. A Afirka ta yamma, ƙasar Senegal ce ta yi fice wajen nomanta, a kwarin kogin Senegal, domin kaiwa kasuwannin Turai.

Wanda ya buɗe ledarta karon farko zai zaci an cuce shi, domin ƙwayar a motse take, ba nauyi, kamar wadda fari ya kama. Haka halittarta take: ba ta da garin da zai cika ta. Don haka tsironta ba shi da ƙarfi, ba ta son rami mai zurfi, santimita 2 zuwa 3 ya isa, kuma irin ba ya jimre dogon ajiya a zafi. Ana karya ta kimanin kwana 20 bayan fitar gemu, lokacin da gemun ya bushe ya yi duhu, in an soka farce cikin ƙwaya ruwa fari kamar nono ya fito. Daga nan kuma sai gaggawa, domin zafi na cinye zaƙin. Tsofaffin ire-irenta cikin yini ɗaya ko biyu suke salancewa. In an bar ta ta bushe ba ta tuwo, ba ta kunu. Ke nan wadda ba a sayar ba ta zama hasara, saɓanin masarar gona, wadda in ba a samu mai sayen ɗanya ba sai a bar ta a kara ta bushe ta shiga rumbu.

Babbar matsalarta ita ce maƙwabtaka. In garin furen masarar gona ya sauka a gemun mai zaƙi, ƙwayar da ya haifa takan yi gari ta yi tauri a wannan shekarar, ba sai baɗi ba. Dole a nisanta su da mita 200 ko fiye, ko kuwa a raba lokacin shukarsu da sati biyu zuwa uku don kada furensu ya haɗu. A ƙauyen da kowane gida ke da masararsa a bayan darni, wannan tazara ba ta samuwa da damana. In har za a gwada ta, da rani ne, a garka, kuma bayan an san wanda zai saya a Magarya ko Damagaram. Ga cimakar gida a lokacin malka kuwa, ba ta da abin da za ta ƙara wa jar masara mai sauri.

Noman rani

Kudancin jahar Damagaram yana da wata baiwa da arewa ba ta da ita: kwarin Korama da fadamun da ke kewaye da shi, inda ruwa ke kusa da bisa, inda ake noman rake da rogo da dankali da kayan miya. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kountché ta yi kira ga jama'a da su rungumi noman rani, garake suka yawaita. A garka, tsawon damana ya daina zama shinge, ana iya shuka matsakaiciya ko mai aure. Sai dai wani lissafin ya shigo. Sanyin Disamba da Janairu na rage wa masara sauri, ta ƙara kwanaki a kan abin da aka rubuta a leda. Zafin Afrilu kuwa, in ya haura digiri 35 da busasshiyar iska, yana kashe garin fure. Shukar Oktoba zuwa Nuwamba ta fi tsira daga wannan. Tun 2016 kuma wata tsutsa ƴar asalin nahiyar Amurka ta shigo Afirka ta yamma, tana shiga cikin zuciyar masara ta cinye ganyen tun yana naɗe, ta bar kashi kamar garin katako. Koriyar masara a tsakiyar rani ita take nema. Sai an riƙa zagaya garka sau biyu a sati da sassafe, a murƙushe ƙwai da ƙananan tsutsotsi. Manoma da yawa kan zuba toka da rairayi ko ruwan ƴaƴan bedi cikin zuciyar, in abin ya faskara a nemi shawarar malamin gona kafin a sayi magani.

A gona ake zaɓen iri

Al'adar da aka saba ita ce a jira sai an tara masara a tsakar gida, a tsinci goyo biyu ko uku mafi girma a rataye. Wannan yana da illa biyu. Ƙaton goyo sau da yawa daga karan da ya tsaya shi kaɗai a gefen juji ya fito, ko daga wanda ya fi sauran makara. Mai zaɓensa kowace shekara yana ƙara wa irinsa kwanaki bai sani ba. Na biyu, iri daga goyo biyu ko uku auren dangi ne, kuma masara ba ta jure shi: shekara kaɗan sai kara ya ƙanƙance, goyo ya ragu, a ce ƙasa ce ta gaji.

Abin da malaman gona ke koyarwa shi ne a shiga gonar tun masara na tsaye. A bar kunyoyin gefe, domin su suka fi shan garin furen maƙwabta. A tsakiya a ɗaura wa karan da suka riga sauran fure ƙyalle, masu lafiyar ganye, waɗanda ba su kwanta ba, waɗanda ɓawonsu ya rufe goyon har baki. A hana yara karya su. A tara daga kara masu yawa, hamsin ko ɗari in fili ya ba da hali. In bai ba da ba, maƙwabta masu iri ɗaya su haɗa nasu su raba. Bayan sun bushe sarai, a ɗauki ƙwayoyin tsakiyar goyo, na kai da na gindi su tafi tukunya. Rataye iri bisa murhu inda hayaƙi ke bugunsa dabara ce mai kyau ta kakanni. Buhun nan mai ninki uku da aka fara yaɗawa domin wake a 2007 shi ma yana tsare masara, in ta bushe sosai kafin a ɗaure.

Wanda zai sayi sabon iri kuwa, ma'aikatar noma ta gunduma ce wurin fara tambaya, domin tun 2012 ƙasar nan na da kundin ire-iren da aka yarda da su. Ya dubi takardar shaida a jikin buhu, ya nemi sunan irin, da yawan kwanakinsa, da ko mai aure ne. Irin da aka rina ja ko kore magani ne a jikinsa, ba a ci, ba a ba kaji.

Ko daga ina irin ya fito, sati biyu kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100, a binne su cikin jiƙaƙƙen rairayi a kwano, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai a ƙirga tsiro. In sun kai 85 ko sun wuce, irin na da rai. In ba su kai 70 ba, a nemi wani tun ruwa bai sauka ba. Ranar shuka a bar santimita 80 tsakanin kunya da kunya, santimita 40 tsakanin rami da rami, a jefa ƙwaya uku, bayan sati biyu a cire ɗaya a bar biyu. Da wannan tazara hekta guda na cin kilo 20 zuwa 25 na iri. Ɗan filin bayan gida mai taki 20 a tsaye da 20 a kwance kuwa, kilo ɗaya ya ishe shi.